Yadda Makaranta Za Ta Kare 'Yan Mata Daga Shan Barasa a Legas

Akwai wata magana da ake yawan ji a tarukan iyaye da malamai a unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, wato cewa 'ya'yanmu ba sa shan giya, balle mata, domin addini da tarbiyya sun riga sun toshe wannan ƙofa. Maganar gaskiya ce a gidaje da yawa, amma ba ta isa a gina tsarin makaranta a kanta ba, saboda yarinyar da ta tashi a Legas tana ratsa tasha da kasuwa da gindin gada safe da yamma, kuma barasar da take cin karo da ita ba a kwalbar da kowa ya sani take zuwa ba. Tana zuwa ne a 'yar leda mai araha wadda ke ɓuya a aljihun jaka, ko a jiƙon sassaƙen da masu tebur ke sayarwa da sunan maganin basir da ciwon baya alhali da barasar ogogoro aka jiƙa shi, ko kuma a gauraye da lemo da zoɓo a wurin bikin ƙawa. An jera matakan da ke tafe yadda ya kamata a bi su, makarantar gwamnati ce ko mai zaman kanta ko Islamiyya, kuma jerin nasu yana da muhimmanci, domin makarantar da ta fara da tsawa da bulala kafin ta san abin da ke faruwa, ɓoyo kawai za ta koya wa yaranta.

Mataki na farko: a ɗora aikin a wuyan mutane sanannu

Shugaban makaranta ya kafa ƙaramin kwamiti wanda bai wuce mutum biyar ko shida ba: shi kansa ko mataimakinsa, malama mace wadda ɗalibai suka saba da ita, malamin addini, uwa ɗaya da uba ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai. Zaɓen malamar nan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ba lallai ba ne ta zama wadda ta fi kowa daɗewa ko yawan takardu. Abin da ake nema shi ne mace mai riƙe sirri, wadda ba a taɓa jin zancen ɗaliba a bakinta a ofishin malamai ba, kuma wadda ke jin Hausa sosai tare da Turanci ko Yarbanci, tun da yarinyar Agege takan yi tunani da harshe biyu ko uku.

Aikin farko na kwamitin shi ne rubuta ƙa'ida a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda ta fayyace abin da aka haramta shigowa da shi, da wanda za a sanar idan an ga wani abu, da abin da zai biyo baya. A rubuta ƙarara cewa ɗalibar da ta kawo kanta neman taimako ba za a kore ta ba. Jihar Legas tana da Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2007, kuma a 2016 gwamnatin jihar ta fitar da tsarin kiyaye yara wanda ya wajabta wa makarantu kai rahoton cin zarafi, don haka ƙa'idar makaranta ta dace da waɗannan.

Mataki na biyu: a gano gaskiyar lamarin kafin a yi magana

A nan ne akasarin makarantu ke gajen haƙuri, alhali nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci. A shirya takardar tambayoyi gajera wadda ba a rubuta suna a kanta, a raba wa 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare har zuwa ajin ƙarshe, maza daban mata daban, kowa ya ninke tasa ya jefa a kwali rufaffe. Malamin ajin ya fita, wani ya tsaya a madadinsa, domin yara sun san cewa malaminsu yana gane rubutun hannunsu. Tambayoyin su zama masu sauƙi: ko an taɓa miƙa miki abin sha mai sa maye, a ina, wa ya miƙa, ko kin sha a cikin wata ɗaya da ya wuce, kwana nawa kika yi fashin makaranta saboda al'ada, ƙarfe nawa wani babba yake dawowa gida, kuma wa kike iya gaya wa damuwarki. Tambayar ƙarshen nan takan fi sauran tona abin da ke ƙasa.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Ƙasar Ayislan ta gina shirinta a kan irin wannan tambaya da ake maimaitawa, tare da jawo iyaye da samar wa yara abin yi bayan tashi daga makaranta, kuma yawan 'yan shekara 15 zuwa 16 da suka ce sun bugu a cikin watan da ya gabata ya sauko daga kashi 42 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Legas ba Ayislan ba ce, ba a yawan jama'a ba, ba a arziki ba, amma yin tambaya kafin yanke hukunci ba ya buƙatar kuɗi.

Bayan takarda sai ƙafa. Mutum biyu daga kwamitin su bi hanyoyin da ɗalibai ke bi zuwa gida a daidai lokacin tashi, su lura da kowane shago da tebur da ke rataye ledojin barasa kusa da biskit da alewa, da inda 'yan acaba da masu keke ke taruwa, da kangon da yara ke laɓewa, da shagon shisha idan akwai. A tambayi mai gadi da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, cikin girmamawa, domin su ne ke ganin wanda ke zuwa ɗaukar wace yarinya da kuma wadda ke sauya kaya bayan an tashi.

Mataki na uku: masu shaguna da ke kewaye

A watan Disamba na 2018 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da ma'aikatar lafiya ta tarayya suka cimma yarjejeniya da masu sarrafa barasa cewa za a daina zuba ta a leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar, kuma a watan Fabrairu na 2024 hukumar ta sanar da fara aiwatar da haramcin, kodayake an yi ta ja-in-ja da ɗage wa'adi bayan nan. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne sauƙin da yara ke samu wajen saye da ɓoyewa. Ya kamata malamai su san cewa ƙanƙantar ledar yaudara ce, domin giyar kwalba ta yau da kullum tana ɗauke da sinadarin maye kusan kashi 5 cikin 100, amma wasu daga cikin na leda suna kaiwa kashi 40.

Kada a fara da kiran hukuma. A je wa mai shago da lalama, tare da wani dattijo na unguwa ko wakilin Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyar masu gidaje, a gaisa, a ce masa yaran da ke sanye da kayan makarantar nan amanar kowa ce, ana roƙon kada a sayar musu ko da sun ce aiko su aka yi. Yawancin masu shaguna iyaye ne, kuma ba sa son rigima da unguwar da suke cin abinci a cikinta. Wanda ya ƙi bayan an koma masa, a rubuta wa NAFDAC da ofishin gundumar ilimi, da sunan kwamiti, ba da sunan malami ɗaya ba, don kada a bar mutum guda da gaba.

Mataki na huɗu: a gyara abin da ke korar yarinya daga aji

Shaye-shayen 'ya mace ba kasafai yake farawa da neman nishaɗi ba. Sau da yawa yana farawa ne da ciwon mara da aka ce jiƙo ko ƙwaya na maganinsa, ko da baƙin cikin da ba ta da wanda za ta gaya wa, ko da wani namiji da ya girme ta wanda ke saya mata katin waya da abinci, ko da yawon da fashin makaranta ya haifar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka aikin da ya fi kowanne rage haɗari shi ne wanda ba a ambaci barasa a cikinsa ba sam.

A duba banɗakin mata da ido, ba da rahoton wani ba. Yana da ƙofa mai sakata daga ciki? Akwai ruwa da buta da sabulu? Akwai bokiti mai murfi na zubar da audugar da aka yi amfani da ita, kuma wa ke kwashe shi? Ƙofarsa tana kallon inda maza ke zama? Yarinyar da ba ta da inda za ta gyara jikinta za ta zauna a gida kwana uku ko huɗu kowane wata, ko kuma ta fito da kayan makaranta ta ƙare a ɗakin ƙawa. A ajiye audugar mata da siket ko zane da hijabi na aro a wurin malamar da aka zaɓa, yadda ɗaliba za ta karɓa ba tare da ta yi bayani a gaban kowa ba. Kuɗin wannan ba shi da yawa, ƙungiyar iyaye za ta iya ɗauka.

Game da ciwon mara, a tanadi wurin kwanciya mai labule da robar ruwan ɗumi, kuma a nemi izinin iyaye a rubuce tun farkon zango kan ko za a iya ba ta farasitamol. Wadda ciwonta ke kayar da ita kowane wata, ko jininta ke zuba fiye da kima, ko take yawan jiri da kasala, a shawarci iyayenta su kai ta cibiyar lafiya a duba ta, domin ƙarancin jini ya zama ruwan dare a wannan shekaru. A kuma lura da wadda ke barci a aji: wataƙila tun asuba take talla ko aikatau, kuma wadda ta gaji irin haka ita ce ake fara yi wa tayin abin da zai ƙara mata ƙarfi.

Mataki na biyar: darasi, ba tsoratarwa ba

Gayyato baƙo sau ɗaya a shekara ya nuna hotunan mahaukata ba ya sauya halin yaro. Abin da ke aiki shi ne darasi gajere da ake maimaitawa mako-mako, wanda yara ke magana a cikinsa fiye da malami. Shirin Unplugged, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya kawo Najeriya tare da ma'aikatar ilimi ta tarayya aka gwada shi a makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, darasi 12 ne, kuma makaranta za ta iya bin irin tsarinsa a zango guda.

A fara da bayanin gaskiya. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai mutum ya haura shekara 20, don haka barasa ta fi yi wa matashi illa, kuma wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa. Mace ta fi namiji saurin buguwa ko da abin da suka sha daidai yake, saboda ruwan jikinta bai kai nasa ba. Haɗa barasa da tiramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, yana iya tsayar da numfashi. Sannan a nuna musu sakamakon tambayoyin makarantarsu, domin yara sukan zaci kowa na sha, kuma idan suka ga cewa mafi yawan 'yan ajinsu ba sa yi, matsin ƙawaye yana raguwa.

Daga nan sai gwaji. Ɗaliba ɗaya ta zama mai tayi, ɗaya ta zama mai ƙi, su yi a gaban aji da irin kalmomin da ake yi da su a waje. Mai tayi ta ce, “Haba ƙawata, lemo ne fa, ɗan kurɓi kawai.” Mai ƙi ta koyi cewa, “Na gode, da ruwana a jaka,” ta kuma koyi tashi daga wurin ba tare da jayayya ba. A koya musu kada su karɓi abin sha da aka riga aka buɗe, kada su ajiye kofi su dawo su ɗauka, kuma idan sun je biki tare su dawo tare. Malamin addini yana da gurbinsa a nan: ya karantar da ayar Suratul Ma'ida ta 90, da hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne, amma ya haɗa da cewa ƙofar tuba a buɗe take, don kada wadda ta riga ta faɗa ta ɗauka ta gama lalacewa. A makarantar da ke da ɗalibai Kirista, a ba malaminsu irin wannan dama. Jami'an hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ma suna zuwa makarantu ƙarƙashin shirin wayar da kai da hukumar ta ƙaddamar a 2021, sai dai zuwansu ƙari ne a kan darasin mako-mako, ba madadinsa ba.

Mataki na shida: iyaye

Uban da ke sauke kaya a Mile 12 tun kafin asuba, ko uwar da cunkoson motoci ke riƙewa har bayan isha'i, ba za su zo taron ƙarfe goma na safiyar Talata ba. A sa taron ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar, a yi na iyaye mata daban, da Hausa. A nemi abu uku kacal daga gare su: su san inda 'yarsu take tsakanin tashi daga makaranta da magariba, su san iyayen ƙawayenta, kuma kada a aiki yaro sayen sigari ko jiƙo. Makaranta kuma ta cike wannan giɓin na yamma da abin da take iyawa, ko ɗinki ne, ko muhawara, ko kwamfuta, ko hadda, ko wasan motsa jiki a wurin da mata za su sake.

Mataki na bakwai: idan an sami yarinya ta sha

Alamomin da ake lura da su sun haɗa da faɗuwa a jarrabawa ba zato, sauya ƙawaye, yawan tauna cingam ko shan minti, kuɗi ko waya da ba a san asalinsu ba, da fashin ranar Litinin. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zama hujja shi kaɗai. Kada a caje jakarta a gaban aji, kada a fito da ita a taron safe, kuma kada namiji ya keɓe da ita. Malamar da aka zaɓa ta kira ta a lokacin da ba zai ja hankali ba, ta zaunar da ita, ta fara da abin da ta gani: “'Yata, na ga kwanan nan ba kya cikin walwala, kuma aikinki ya ja baya. Me ke damun ki?” Sai ta yi shiru ta jira, ko da shirun ya yi tsawo. Tun farko ta gaya mata iyakar sirrin, cewa maganar za ta tsaya tsakaninsu sai fa idan rayuwarta na cikin haɗari ko wani yana cutar da ita.

Idan ta amsa cewa tana sha, akwai tambayoyin da ma'aikatan lafiya ke auna zurfin lamarin da su: ko tana sha don hankalinta ya kwanta ko don ta saje da ƙawaye, ko tana sha ita kaɗai, ko ta taɓa manta abin da ta yi bayan ta sha, ko wani ya taɓa ce mata ta rage, ko ta taɓa shiga matsala dalilinsa, ko ta taɓa hawa babur ko motar wanda ya sha. Idan ta amsa da e ga biyu ko fiye, lamarin ya wuce nasiha, yana buƙatar likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, kuma NDLEA tana da layin shawara na kyauta, 0800 1020 3040. A bayyana wa iyaye cewa zuwa can ba ya nufin hauka.

Sanar da gida yana buƙatar dabara. A fara da uwa ko wata babba da yarinyar ta aminta da ita, a gayyace ta makaranta, a ce, “Hajiya, mun kira ki ne don mu haɗa hannu, ba don mu kai ƙara ba.” A yi magana a fili kan abubuwan da aka san sukan biyo baya, wato duka, ko cire ta daga makaranta, ko tura ta ƙauye, ko gaggauta aurar da ita, a nuna cewa babu ɗaya a ciki da ke raba ta da abin da ya sa ta fara. Kora ma haka take: tana miƙa yarinyar ne ga mutanen da ake son raba ta da su. Horon da ya dace shi ne wanda ke tsare ta a cikin makaranta, kamar ganawa da malama kowane mako da sa hannun uwa a littafin zuwa da tashi.

Wani lokaci maganar barasa takan buɗe wata mafi muni, a gano cewa wani ya ba ta abin sha ya keta mata haddi. Wannan ba abin sasantawa a zaure ba ne, ko da mai laifin ɗan unguwa ne ko malami. A kai ta asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jihar a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana duba irin waɗannan kyauta, kuma hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da lalata, DSVA, tana karɓar rahoto.

Idan kuwa aka tarar da ɗaliba a sume ko tana amai ba ta cikin hayyacinta, a kwantar da ita a gefe ɗaya, a lanƙwashe ƙafarta ta sama, a ɗan ɗaga haɓarta don numfashi ya wuce, a kira lambar gaggawa ta 112 ko 767. Kada a ɗura mata madara ko manja ko ruwan gishiri, domin suna iya sarƙe ta su shiga huhu, kada a sheƙa mata ruwan sanyi, kuma kada a bar ta ita kaɗai da sunan barci zai sake ta. A tafi da ledar ko kwalbar da aka samu kusa da ita don likita ya gani.

Mataki na takwas: a waiwaya

Kwamitin ya zauna a ƙarshen kowane zango ya duba rajistar fashi ta mata, da yawan waɗanda suka zo wurin malama da kansu, da halin da banɗaki yake ciki. Idan masu zuwa da kansu sun ƙaru a farko, kada a firgita, alama ce ta cewa an fara yarda da malamar. Bayanan kowace ɗaliba su zauna a akwati mai makulli wanda mutum biyu kawai ke buɗewa. A maimaita takardar tambayoyin bayan shekara guda, a wata ɗaya da na bara kuma da tambayoyi iri ɗaya, don a iya kwatantawa, sannan a sa taron iyaye na ƙarshe ya faɗo mako biyu kafin hutun Disamba, lokacin da bukukuwa suka fi yawa a Legas kuma yara suka fi daɗewa ba a ƙarƙashin idon kowa ba.